Awa Uku da Kwata Tsakanina da Inna

Mu uku muka sauka a Addis Ababa, kuma har muka sauka babu wadda ta san sunan 'yar'uwarta. Kusan awa biyar muka yi a sama daga Kano, kafaɗa tana gugar kafaɗa, amma gaisuwa ce kaɗai ta haɗa mu.

Ba girman kai ba ne. A wajenmu ba a faɗin tafiya. Tun ina ƙarama a ƙauyenmu na gefen Minjibir nake jin manya suna cewa tafiyar da aka yi wa shela baki ne yake cinye ta. Mai ciki ba ta faɗin watanta, mai tafiya ba ya faɗin ranarsa, sai dai a wayi gari a ga kwaɗo a ƙofar ɗakinsa. Hajiya Lami kuma, wadda ta shirya mini komai, ta ja mini kunne har sau uku. "Safiya, ko matashin kanki kada ya ji. Har waɗanda za ku shiga jirgi tare. Ba ki san mai kambun baka ba."

Hajiya Lami aminiyar mahaifiyata ce, tare suka tashi. Inna ta tafi Jidda ina da shekara tara, bayan rasuwar Baba. Da takardar Umra ta shiga, ta zauna tana wankau da raino a gidajen Larabawa, ni kuma ta bar ni a hannun kakata. Shekara goma sha huɗu ke nan. Hajiya Lami ce mai kai da komowa, ita take kawo mana dabino da saƙon baki. Da gumin Inna na yi karatu har na gama kwalejin malamai, na fito da takardata a shekarun da buhun taki ya fi ƙarfin manomi, aikin koyarwa kuma ya zama sai mai uwa a gindin murhu. Ina zaune a gida labarin ciwonta ya zo. Ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata nisa. Asibiti ba ya karɓar marar takarda, kuma jikinta ba zai jure zaman gidan da ake tsare masu jiran a mayar da su gida ba.

Abu ɗaya nake so a duniya, in ga fuskar Inna tana da rai.

"Na samo miki gida a Jidda," in ji Hajiya Lami. "Yara za ki koya wa Turanci. Ran Juma'a ki je ki wanke wa uwarki kai, ki yi mata kitso."

Ni da na karanta labarin ƙasa, ni da nake da taswirar duniya manne a bangon ɗakina, ban nemi a nuna mini bizar ba. Da na faɗa wa ko malamina ɗaya ne, da ya ce in kawo fasfon ya duba. Amma na yi shiru saboda baki, fasfon kuma yana aljihun wani Alhaji Sule, mutumin Hajiya da ya rako mu, kamar yadda maniyyata suke miƙa nasu ga jagora. An ce mini jirgi mai araha ne yake zagayawa ta Habasha, na yarda.

Sanyin Addis Ababa irin mai shiga ƙashi ne. Alhaji Sule ya zaunar da mu a kan wasu kujerun ƙarfe, ya ce mu jira shi, ya ɓace. Muka yi zugum, kowa tana kallon takalminta. Can sai doguwar cikinmu ta kwance bakin wata leda ta miƙo mana ƙuliƙuli.

"Bayin Allah, ni dai shirun nan ya ishe ni. Mun baro Kano. Bakin da zai biyo mu nan sai ya sayi tikiti. Sunana Saratu, daga wajen Tofa nake, Dubai za ni aikin otal. Ko fastonmu ban faɗa wa ba, yana can yana cigiyata."

Ƙaramar cikinmu, Hauwa, ta ɗago kai. "Dubai kuma? Ni Alƙahira aka ce, shara a asibiti."

Na ce, "Ni Jidda."

Da farko dariya muka yi. Muka ɗauka nan za mu rabu, kowa ta kama jirginta. Saratu har tana tsokanata wai in na je in ɗebo mata Zamzam, ita ba ta da wariya a sha'anin ruwa. Muna cikin haka Alhaji Sule ya dawo da katin shiga jirgi guda uku. Ni na fara karanta nawa. Na leƙa na Saratu, na leƙa na Hauwa. Gari ɗaya ne a rubuce a jikin dukansu: Maskat.

"Alhaji, an yi kuskure. Ni Jidda za ni."

Bai ko kalle ni ba. "Saudiyya ta tsaurara, ta Maskat ake shiga yanzu. Maƙwabta ne, kamar Minjibir da Kano. Mota ce za ta tsallaka da ke." Ya nuna gabas da leɓe, yadda manomi yake nuna gonar da ya ce nan kusa ce.

"Dubai ɗin fa?" in ji Saratu.

"Ita ma nan ce."

"Alƙahira fa?"

"Ke kin cika surutu."

"A'a, Alhaji, tambaya ce. Wannan Maskat ɗin tashar mota ce, da kowane gari a nan yake lodi?"

Ya ce wadda ba za ta ba ta zauna, shi dai ba zai ba da fasfo ba sai a hannun wanda aka ce ya ba. Hauwa ta fara kuka a hankali. Ni kuwa na san inda ƙasar Oman take, can ƙarshen yankin Larabawa ta gabas. Amma zuciya ta ce mini a taswirar ɗakina yatsa uku ne kacal tsakaninta da Jidda. Na miƙe na bi layi.

A bayan kowace kujera akwai ɗan allo mai nuna inda jirgi yake. Muna tashi na ga Jidda a sama ta hagu, a bakin Bahar Maliya, ɗigo ɗaya fari kamar ƙwayar gero. Na ɗora yatsana a kai. Ina kallo hancin ɗan jirgin ya karkata dama. Ɗigon ya riƙa ja da baya, yana ja, har ya zame daga ƙarƙashin yatsana ya fita daga allon. Ma'aikaciyar jirgi ta zo da abinci ta tarar da ni da yatsa a kan teku.

Maskat gari ne na fararen gidaje a gindin baƙaƙen duwatsun da ko ciyawa ɗaya babu. Muna fita zafi ya mare mu kamar an buɗe bakin tanda. Aka kai mu wani ofis a saman bene, Alhaji Sule ya miƙa fasfo uku a kan tebur, ya karɓi wata takarda, ya sauka bai waiwayo ba. Mata suka riƙa shigowa suna duba mu, har da tafin hannu. Saratu aka fara ɗauka. Ta cusa mini sauran ƙuliƙulin a cikin hijabi, ta matse mini hannu.

"In kin ga Innarki, ki ce Saratu mai baki tana gaishe ta da jiki."

Ban sake jin ɗuriyarta ba har yau. Hauwa ma haka.

Gidan da aka kai ni babu yaron da zan koya wa komai. Ɗakuna ne tara, da tsintsiya, da bokiti. Matar gidan, wadda aka ce in riƙa kira Madam, ta karɓi wayata ta kulle a durowa, ta ce ran Juma'a bayan la'asar za ta riƙa ba ni na ɗan lokaci. Kwana uku ina goge-goge ina sauraron ƙarar motar da za ta zo ta tsallaka da ni. A na huɗu na tattaro Larabcina na Islamiyya na tambaye ta yaushe motar Jidda take tashi.

Ta yi dariya har tana dafa bango. Da ta ga ba wasa nake ba, ta ciro wayarta ta danna, ta juyo mini da ita. Daga Maskat zuwa Jidda kusan kilomita dubu biyu ne. A jirgi, awa uku da kwata. A mota kuwa yini ne da kwana cikin hamadar da ba kowa, ga iyaka a tsakani da ba a tsallaka ta sai da biza. Sannan ta ɗaga yatsa biyu ta nuna takardar da aka kawo ni da ita. Shekara biyu.

Na koma kicin na tsaya a gaban famfo. Daga Kano zuwa Jidda awa biyar ba ta cika ba. Wato na bar kakata, na bar takardata a ƙasan akwati, na rufe bakina ga duk mai ƙaunata, don in rage awa ɗaya da rabi.

Juma'ar farko Hajiya Lami na kira.

"Hajiya, nan ba Jidda ba ce."

"To, 'yar boko, an fara. Ba Larabawa ba ne? Ba salla suke yi ba?"

"Kin ce zan wanke wa Inna kai."

"Da kina can Minjibir kina tsinkar zogale za ki wanke mata? Na matso da ke, saura na Allah ne. Kuma ki ji ni da kyau, kada ki kuskura ki faɗa mata. Mai ciwon zuciya ce. In ta faɗi, ke kika kashe ta."

Ta kashe wayar. Muryar da ta yi mini magana ita ce dai wadda take cewa "'yata" in ta kawo dabino. Abin da ya fi yi mini ciwo ke nan, ko kaɗan ba ta canja ba.

Inna ba ta da waya, ta abokiyar zamanta ake kira, wata Asabe da suke ɗaki ɗaya. Na ce mata na iso, ina wani gari kusa da su, takarda ake gyara mini. Ta yi ta hamdala har numfashinta ya sarƙe. Juma'a bakwai ina maimaita wannan ƙaryar, ita kuma tana ta shiri. "Na sa Asabe ta share miki gefen katifa." "Kin yi tsawo irin na babanki, ko ni kika ɗauko?" "Har yanzu kina tsoron kaza mai 'ya'ya?" In na ajiye wayar sai in ji bakina yana ɗaci kamar na tauna maɗaci.

Juma'a ta takwas aka yi baƙi a gidan, ban samu wayar ba sai dab da faɗuwar rana. Na hau rufin bene ina kwashe shanya ina magana da ita. Masallaci yana jikin katangarmu. Ladan ya ɗaga murya.

Inna ta katse abin da take faɗa. "Wace salla ake kira?"

Ban yi tunani ba. "Magariba ce, Inna."

Na ji ta ce, "Asabe, ɗaga labulen nan."

"Safiya, ga rana nan fara tas a bangon maƙwabta. Shekara goma sha huɗu ina ƙasar nan. Ko Makka ko Madina, kusan tare muke shan ruwa da azumi. Garin da ya riga mu magariba haka ba kusa yake ba. Ina Lami ta kai ki?"

Na zauna a kan kwandon wanki na faɗa mata duka, tun daga kujerun ƙarfe na Addis Ababa. Ina faɗa ina jiran in ji Asabe ta yi salati. Inna ba ta faɗi ba.

"Lami," ta ce, a hankali, kamar mai ɗanɗana sunan. "Ni na yi mata jinyar haihuwar fari. Kwana arba'in ina dafa mata ruwan wanka." Ta numfasa. "Awa nawa kika ce?"

"Uku da kwata, a jirgi."

"To ai bai kai abin kuka ba. Ni da babanki mun sha yin fiye da haka a ƙafa, da gyaɗa a ka. Share hawayenki ki je ki yi salla, an kira a wajenku. Amma kada ki ƙara ɓoye mini komai. Ɓoyon nan shi ya kai ki inda kike."

A gidan akwai wata tsohuwa, uwar maigidan, kowa yana kiranta Bibi. Gwiwoyinta sun ƙi, kullum da yamma nakan shafa mata man zaitun. Ba ta cika magana ba, sai dai ta riƙa kallon kaina ina murza mata ƙafa. Washegarin wannan Juma'ar ta sa sandarta ta ɗago mini haɓa ta tambayi abin da ya kumbura mini ido. Da guntun Larabci da nuni da hannu na ba ta labari. Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce da azumi za su je Umra su duka, kuma tana bukatar mai tura mata keken guragu.

Madam ta ce ba ni ba, akwai wata mai aikin a gidan da ta fi ni daɗewa, da ita za a tafi. Bibi ta ture farantinta. Kwana biyu ba ta ci abincin gidan ba sai dabino da ruwa, har ɗanta ya shigo da fasfona a hannu ya ce an ji.

Saura wata huɗu. Ni da Inna muka shiga ƙirgen wata. "In Mai rai ya yarda, zan jira ki," ta ce. A Rajab har tsokanata take yi, wai in zo da hannu mai laushi, kada in yi mata kitson 'yan boko mai warwarewa kafin Juma'a ta zagayo. Da Sha'aban ya kama muryarta ta sirance, Asabe ce take riƙe mata wayar a kunne. Wani lokaci ba ta cewa komai, ni nake ba ta labarin gida: kukar bakin rijiya da iska ta karya wa reshe, da yadda dawa takan rufe hanyar makaranta da kaka har mutum ya riƙa jin muryar na gabansa bai gan shi ba. In na tsaya sai ta ce, "Ci gaba."

Ran Talata ta rasu. Ni ban ji ba sai Juma'a, don wayar tana durowa. Kwana uku ina shara ina yi mata addu'ar samun sauƙi, alhali ƙasa ta riga ta rufe ta. Saura kwana tara a ga watan azumi.

A cikin saƙonnin da na tarar har da na Hajiya Lami, na murya. Tana kuka sosai, tana cewa ta yi rashin 'yar'uwa, in yi haƙuri, haka Allah ya so. Da kukan ya lafa ta ja hanci, ta ce in akwai ƙawayena na kwaleji masu son fitowa in turo mata lambarsu, amma in yi abin a sirrance.

Na so in ce wa Bibi na fasa. Amma ta yi yunwar kwana biyu saboda ni, kuma Asabe ta ce akwai saƙon da Inna ta bar mini, ba za ta ba kowa ba sai hannuna.

Ranar goma ga azumi muka tashi da hantsi. Na duba agogo da ƙafar jirgin ta bar ƙasa, na sake dubawa da ta taɓa ƙasa. Awa uku da kwata. A gida, in an fara surfe a lokacin da muka tashi, a kai niƙa, a dawo a tankaɗe, da ƙyar tuwo zai sauka kafin mu iso. Ƙasanmu yashi ne kawai, ja, shimfiɗe, ba gari ba itace. Wannan ne abin da ya gagare ni wata shida.

Asabe ba ta isa ta matso filin jirgi ba, ita ma ba ta da takarda. Ta ce za ta tsaya a wani gidan mai a kan hanyar Makka, ta kwatanta mini shi. Muka shiga babbar motar da aka yi haya, ni a can baya tare da keken Bibi. Ta taga nake ganin gefen Jidda yana wucewa, gadoji da dogayen gine-gine da hasumiyoyin masallatai. A cikin wannan garin Inna ta tsufa, kuma ban san ko lungu ɗaya ba.

Da na hango gidan man na taɓa kafaɗar Bibi. Maigidan ya ce ba a tsayawa, mutane suna cikin harami, ga azumi, ga rana. Bibi ta buga sandarta a ƙasan motar sau uku. Direban ya kalli maigidan, ya kalli tsohuwar ta madubi, ya sa sigina.

"Minti biyar," in ji Madam.

Wata gajeriyar mata ce a inuwar katanga, cikin abayar da ta koɗe, rungume da leda. Tana ganina ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu. Hajara ce ta dawo yarinya."

Sunan Inna ke nan. Na durƙusa zan gaishe ta, ta ɗago ni ta rungume. Jikinta yana ƙamshin sabulun wanki. Na ce, "Baba Asabe, ina aka sa ta?"

"'Yar nan, kabarin ƙasar nan ba ya da suna. Maza ne suka kai ta, mu ko ƙofa ba a bari mu shiga. Amma an yi mata salla, mutane da yawa, har da waɗanda ba su san ta ba." Ta danƙa mini ledar. "Carbinta ne da hijabinta. Sai wannan na ƙasa. Ran da kika fara cewa kin iso, ta ja ƙafar nan tata mai kumburi ta je kasuwa da kanta, na hana ta ƙi. Na ce Hajara, kin san ƙafarta ne? Ta ce wa zai san ƙafar da na haifa in ba ni ba."

Motar ta yi hon. Asabe ta tura ni. "Je ki, kada su yi fushi. Ki yi mata ɗawafi."

Sai da muka hau titi na buɗe. Takalma ne sababbi, ruwan ƙasa, da ɗan zare mai ruwan zinariya a gefe, ɗaure da juna kamar yadda aka sayo su. Na tsinke zaren da haƙori, na cire silifas ɗina, na zura ƙafa. Yatsuna suka shiga da ƙyar. Dunduniyata duka a waje take.

A haka na shiga Makka.